Tambayi likita: ina za mu kai iyali hutu?

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne a Sabon Gari. Ina so in babban hutu ya zo in kai iyalina su ga teku, ko Kwatano ko Lome ko Akara. Yara uku ne, ƙaramar wata bakwai gare ta. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, Allah ya ba da iko. Garuruwan nan uku kusan yanayinsu ɗaya, don haka ka fara da duban jaririyar. Dukansu suna neman katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kuma ba a saba yi wa yaro allurar ba sai ya kai wata 9. In tafiyar ba ta gaggawa ba ce, ka jira ta cika, a yi mata, sannan ku ƙara kwana 10, domin sai lokacin katin yake fara aiki. Ku manya, in an taɓa yi muku sau ɗaya ya wadatar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na har abada ne. Don Allah kada ka sayi kati ba tare da allura ba. Takarda ba ta tare sauro, kuma shawara tana kisa.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mu nan Damagaram mun san lokacinsa, daga Agusta zuwa Oktoba asibiti ke cika, da an shiga ɗari kuma ya lafa. A bakin teku ba ya da rani ba ya da damina. Ku tafi da sangenku mai magani, kada ku dogara da na masauki, wanda sau da yawa za ka iske shi da huji kamar rariya. In yaran suna cikin masu karɓar maganin rigakafin nan na wata-wata da ake rabawa da damina, ka tsara tafiyar yadda ba za su rasa zagaye ba. Agusta ya fi Yuni daɗi a can, ruwan sama ya ɗan tsagaita, iska ta yi sanyi. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka tambayi nisan asibitin yara daga wurin. Ku sa gishirin zawayi da zinc da farasitamol a jaka.

Tambaya: Ina da ciwon suga da hawan jini, ina yin allurar insulin. Ɗana ya gayyace ni Abijan. Zafi ba ya ba ni tsoro, ɗan Birnin Damagaram ne ni.

Amsa: Alhaji, zafin da ka sani busasshe ne. Ko ya wuce digiri 40 a watan Afrilu, zufa tana bushewa ta sanyaya jiki. Can kuwa da wuya ya haura 33, amma iska jiƙe take, zufar ba ta bushewa, riga ta manne, zuciya ta yi ta aiki. Ka je, amma ka riƙa shan ruwan gora ko ba ka jin ƙishirwa, ka bar yawo tsakar rana.

Insulin ya zauna a jakar hannunka. Na taɓa karɓar wani dattijo da ya sa nasa cikin kayan ƙasan mota, kusa da inji, daga Yamai har nan, kusan kilomita 900. Ya yi ta allura sugansa bai sauka ba, don maganin ya riga ya lalace. Ka naɗe shi a kyalle cikin 'yar kula mai sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara. Ka ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar da mako biyu, da takardar likita mai sunayensu. Bakin ruwa kuma kada ka cire takalmi, ka duba tafin ƙafarka kowane dare.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, maigida yana so mu tafi tare.

Amsa: 'Yata, da ni za ki bi, ki ɗaga sai kin sauka lafiya. Zazzaɓi yana yi wa mai ciki mugun kamu, ga zaman mota na kwana da yini da ke kumbura ƙafa, har jini ya iya daskarewa a jijiya. In ta zama dole, ki fara zuwa awo, ki tafi da katinki.

Tambaya: Ni dai wanka nake so in yi a teku. Na iya ruwa tun ina yaro a tafki.

Amsa: Ɗana, tekun yankin nan yana da igiyar da ke jan mutum ciki ko da ruwan a ƙugu yake, kuma baƙi irinmu ta fi ci. Kada ka shiga inda 'yan gari ba sa shiga. Ruwan daɗi irin na tafkin Volta da ke ƙasar Gana kuma akwai tsargiya, wadda ƙila ka riga ka ɗauka a tafkin yarinta, in ka taɓa ganin jini a fitsari ka zo a gwada. In zazzaɓi ya kama ka a can da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido, yana iya zama dengi, wanda sauron rana ke kawowa. Farasitamol kaɗai za ka sha, ban da asfirin da ibuprofen, don suna iya jawo zubar jini, sannan ka tafi a ɗibi jininka a ranar.