Tambaya da Amsa: Wace na'ura ce za ta haɗa mini rassan shagona?

Tambaya: Malam, ina sayar da siminti da kwanon rufi a Garwa, ina kuma da rassa a Marwa da Kuseri, duk a arewacin Kamaru. So nake kwamfutocin rassan su riƙa shiga kundin lissafinmu da ke Garwa. An yi mini tayin tsohuwar na'urar Cisco AS5300 da araha, wai za ta riƙa karɓar kiran rassan ta layin tarho. In saya? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka bar ta inda take, domin araha ba ta ado. Wannan na'ura ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1990, kuma aikinta shi ne amsa kiran kwamfutoci da yawa a lokaci guda, amma sai an ja mata layin E1 mai ɗaukar kira 30, sannan kowane reshe ya mallaki tarhon waya da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Ko an cika waɗannan sharuɗɗa, gudunta ga kowane mai kira ba ya wuce kilobit 56 a daƙiƙa, wato fayil mai megabait 10 zai ci kusan minti 24, alhali direba yana tsaye a bakin sito yana jiran takardar kaya.

Abin da kake buƙata shi ne rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri da intanet, a kowane wuri, kuma layin da ya isa wurin shi ne zai zaɓa maka ita. A Garwa, idan wayar faiba ta Camtel, kamfanin sadarwa na gwamnatin Kamaru, ta iso unguwarku, ka ɗauke ta, ka kuma nemi adireshin IP, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, wanda ba ya canzawa, domin da shi rassan za su riƙa samun ofishinka. A Marwa da Kuseri, rauta mai 4G da gurbin sim biyu ta wadatar: ɗaya na MTN, ɗaya na Orange, in wannan ya yanke ta koma wancan da kanta. Tilas ne kuma kowace rauta ta iya kafa VPN, wato rufaffiyar hanyar sirri tsakanin rassan da ofishinka, ko ta tsarin IPsec ko ta tsarin WireGuard, don kada lissafinka ya bi intanet a buɗe.

Game da rautar wane kamfani za ka saya kuwa, ta Cisco ko ta MikroTik, ni na fi duba wadda mai gyaran da ke kusa da kai ya ƙware a kanta, tun da ba za ka so ka riƙa kiran wani daga Yawunde ba duk ranar da ta tsaya. Ka zaɓi wadda ba ta da fanka a ciki, saboda ƙurar siminti da ta hunturu, ka ɗora ta a sama inda iska ke ratsawa, domin zafin Afrilu a Marwa yakan haura digiri 40, sannan ka haɗa mata batir.