Kafin ka sayar da hannun jari ko ka jinginar da gidanka

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni da ƙanina muna da kamfanin abincin kaji a Kakuri, mun yi masa rajistar limited. Muna son sayo inji daga Chaina na naira miliyan 60. Wani Alhaji ya ce zai ba mu kuɗin mu ba shi kashi 40 na kamfanin. Banki kuma ya ce sai na kawo takardar gidana na Unguwar Rimi, in sa hannu ni da kaina na tsaya wa kamfanin. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema.

A ido, tayin Alhaji ya fi sauƙi, tunda babu ruwa kuma babu ranar biya. Amma hannun jari iko ne. A dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, manyan shawarwari kamar sauya ƙa'idojin kamfani ko rage jarinsa ba sa wucewa sai da kashi 75 na ƙuri'un da aka kaɗa. Kenan wanda ya riƙe sama da kashi 25 zai iya taka muku birki. Abin da ya fi wannan: idan kai da ƙaninka kuka koma 30 da 30, ranar da ƙanin naka ya haɗa kai da Alhaji suna da 70, kuma rinjaye kawai ake buƙata a cire darakta. Ba mummunan zato nake wa kowa ba, sai dai gādo da saɓani ba sa sallama.

In za ku karɓi kuɗinsa, a fara ƙimanta kamfanin ta hannun akanta, kada kashi 40 ya zama ciniki na baki. Ku nemi ya tsaya a kashi 25 ko ƙasa, ragowar kuɗin ya zama rance a rubuce. A yi yarjejeniyar masu hannun jari: wa ke sa hannu a asusu, yaushe ake raba riba, wa za a fara yi wa tayi in wani zai fita, me zai faru in wani ya rasu. Sannan a shigar da sabon rabon a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Batun banki ne ya fi tsaya mini a rai. Amfanin limited shi ne bashin kamfani na kamfani ne, ba ya bin ka har gida. Takardar tsayawar nan ita ke rushe wannan katanga. Da ka sa hannu, in kamfani ya gaza, kai za a bi, kuma sau da yawa ana rubuta ta yadda za ta haɗe duk bashin da kamfanin zai ci nan gaba. Karanta ta layi-layi. Nemi a ƙayyade adadi, a ɗaure ta da wannan rancen kaɗai. Ka kuma fara miƙa injin da kayan sito a matsayin jingina, domin dokar 2017 ta jinginar da kadarorin da ake iya ɗagawa ta ba da wannan dama. In dole sai gida, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna, a nan Kaduna ta hukumar kula da filaye ta KADGIS ake bi. Ka zauna da iyalinka tukuna, su ne a cikin gidan.

Idan kuɗin ruwa ne damuwarka, bankunan Jaiz da TAJ suna yin murabaha: banki ya sayi injin ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Su ma suna neman jingina.

Akwai kuma haɗarin dala. A Yunin 2023, da Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 ta haura 700, a 2024 ta wuce 1,500. Kai da naira kake sayar da buhunka, don haka kada ka ci bashin dala. Kuɗi na shiga hannu a biya injin, a yi masa inshora tun daga jirgin ruwa.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar tara kuɗin jama'a ta WhatsApp da alkawarin riba duk wata. An hana kamfani irin naku gayyatar jama'a su sayi hannun jari, wannan sai kamfanin jama'a da izinin hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC. Ka kai wa lauyanka takardar tayin bankin da ƙa'idojin kamfaninku kafin ka sa hannu a ko ɗaya.