Kuɗin cefane daban, kuɗin kashewa daban

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya gida ya yara. Tun la'asar na ga tambayar da shugabar zaure ta saka, sai yanzu da yara suka kwanta na samu zama. Maganar za ta ɗan ja, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su gani ba, wata ƙanwarmu ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. Shekararsu 3 da aure, ɗansu ɗaya, maigidan yana ɗaukar dubu 180 a wata. Yana kawo abinci, yana biyan haya, ba ta ce ya gaza ba. Amma ita ko sisi ba ta riƙewa sai abin da ta tsakura daga canjin cefane, shi kuwa wayarsa ba ta rabuwa da data, kuma kusan kullum sai ya zauna wajen mai shayi. Tana tambaya nawa ya kamata kowannensu ya ware wa kansa a wata, kuma ko laifi ne ta buɗe baki ta ce a ba ta.

To ƙanwata, ba laifi ba ne. Wannan na fara faɗa miki don ki samu natsuwa. Amma kafin mu zo kan nawa, akwai abin da nake so mu raba, don na karanta amsoshin da aka ba ki, na ga an cakuɗa abubuwa biyu.

Wata ta ce ki nemi dubu 10 ki riƙa sayen auduga da sabulu da man shafawa, ki yi kitso a ciki. A'a. Waɗannan ba kuɗin kashewa ba ne, suna cikin ciyarwar da ke wuyan miji, kamar shinkafa da gishiri. Malamanmu na Malikiyya da suka zo lissafa abin da ya wajaba ga miji ba su tsaya kan ci da sha da sutura da wurin kwana ba, sun ambaci kwalli da man shafawa da lalle, irin adon da mace za ta cutu in ta rasa shi. Duk wadda ta yi zaman Islamiyyar matan aure ta ji wannan. Saboda haka in aka ba ki dubu 10 aka ce ki yi waɗannan a ciki, ba a ba ki komai na kanki ba, an dai miƙa miki wani ɓangare na cefane ne ki riƙe. Haka shi ma, kuɗin Adaidaita ko man babur da zai kai shi wajen aiki ba kuɗin kashewarsa ba ne, na gida ne, don da shi ake nemo abincin. Nasa na kashewa shi ne shayin dare, tsire, gidan kallon ƙwallo, datar hira, ɗan abin da zai miƙa wa aboki.

Kuɗin kashewa shi ne wanda in kin kashe ba wanda zai ce miki ina lissafi. Ki sayi awara, ki sa kati ki kira ƙawarki, ki jefa a asusu, ki ba almajirin da ke miki aike. In har sai kin yi bayani a kansa, to bai zama naki ba tukuna.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don shi ya sa maganar nan take taɓa ni. Ina shekara 2 a ɗakina, lokacin ban fara koyarwa ba, mahaifiyata ta zo duba ni daga ƙauye. Ta kawo min kuka da daddawa da ɗan man shanu a kwalba. Ta kwana biyu, ta tashi tafiya da hantsi, Abban yara ya riga ya fita. Na rako ta har soro, sai na tuna ba ni da abin da zan damƙa mata ko na mota. Na ce Inna tsaya na manta abu, na koma ɗaki na buɗe gwangwanin madarar da nake ajiye kuɗin cefane, na zaro naira 200, na ƙudundune a hannu na sa mata a jaka. Ta yi ta sa min albarka har bakin titi. Ni kuwa na dawo na zauna a bakin gado ina kuka, don kuɗin naman miyar ranar ne na bayar, kuma ba nawa ba ne. Da dare ya ɗaga cokali ya ga miya fayau, ya tambaya. Na so in ce mai nama ne bai fito ba, sai na kasa, na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce shi wallahi bai taɓa kawowa a ransa ina buƙatar kuɗi a hannu ba, tunda komai yana saye. Ƙarshen watan ya miƙo min naira 1,500 daban, ya ce wannan naki ne, ba na cefane ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, ƙanwata, maza da yawa ba mugunta ce ke sa su haka ba. A gidajen da suka tashi sun ga iyayensu mata suna da 'yar sana'a, ƙuli ne, ɗinkin hula ne, kiwon kaji ne, ba su taɓa ganin an ware wa mace kuɗin wata ba. Sai ga ki a gidan haya a birni, ba kaji ba tunkiya, ba kowa sai waya. Bai lura da bambancin ba sai an nuna masa.

Yauwa, mu zo kan nawa. Ni ba zan yanke miki adadi in ce kowa ya bi ba, don kuɗin ƙasar nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ku duba mafi ƙarancin albashi kawai: a 2011 dubu 18 ne, a 2019 ya koma dubu 30, a 2024 aka mai da shi dubu 70, kuma duk mun san abin da kasuwa ta zama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Naira 1,500 ɗin da ta ishe ni a wancan lokacin, yau ko kitson yarinya da ƙyar. Don haka kada ku tsayar da adadi, ku tsayar da kaso. Mu a gidanmu abin da muka zauna a kai shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ke shigowa, mu biyu mu raba. Wannan ba aya ba ce ba hadisi ba, abin da muka gwada ne ya zauna mana.

Mu ɗauki lissafin da ke kanki kika turo. Kin ce hayarku dubu 360 ce a shekara, ke nan dubu 30 duk wata, kuma don Allah a riƙa cire ta wata-wata, kada a bari sai mai gida ya aiko. Abinci da gas dubu 85. Zirga-zirgarsa dubu 20. Wuta da ruwa dubu 8. Yana tura wa iyayensa dubu 10, Allah ya saka masa, wannan kada ki taɓa sa masa ido. Ba ki ambaci magani ba, ni na sa muku dubu 10 na ajiya, don mai ƙaramin yaro ba ya rasa zazzaɓi, musamman da damina. In kin haɗa, dubu 163 ke nan. Saura dubu 17. Kin ga ya zo kusa da kashi ɗaya cikin goman da na faɗa. To wannan dubu 17 ɗin ita ce ake magana a kai, kuma a yanzu duk a aljihunsa take narkewa, shi kansa in kin tambaye shi ba zai iya ce miki ga inda ta tafi ba. In ya ɗauki 9 ya ba ki 8, ko ya ɗauki 10 ya ba ki 7 saboda shi ke fita yana haɗuwa da mutane, duk ya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne 17 da babu.

Na san wasu za su ce dubu 7 me za ta yi. Za ta yi, in ta zo a kan lokaci kuma kin san tana zuwa. Dubu 7 da kike da tabbacinta ranar albashi ta fi dubu 20 da sai ran da ya ga dama, don da ta farkon za ki iya shiga adashin dubu 3, a wata goma ki kwashi dubu 30 ki sari 'yan kayan ƙamshi ko hijabai ki fara juyawa daga ɗaki.

Sai dai in gaya miki gaskiya a kan yadda za ki nema. Ciyarwa wajibi ce, Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Amma kuɗin kashewa na wata-wata bayan an sauke ciyarwa, wannan babin kyautatawa ne, ba bashi kike bin sa ba. Don haka kada ki je masa da fuskar mai karɓar bashi, kada kuma ki fara da maganar shayinsa, don daga nan zai toshe kunne. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki ɗauko takarda ki ce Abban wane, zo mu ga inda kuɗin gidan nan ke tafiya. Ku rubuta tare. Shi da kansa zai ga ragowar. Sannan ki ce ina so in riƙa samun ɗan abin da in Mama ta zo zan sa mata a jaka ba tare da na taɓa kuɗin miya ba. Namiji mai mutunci da wuya ya ji wannan ya ƙi.

Na kuma ga wata ta kawo hadisin Hindu matar Abu Sufyan, ta ce ai an halatta mace ta ɗiba ko bai sani ba. 'Yar uwa a yi hattara. Hindu ta kai ƙara ne cewa mijinta mai maƙo ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da ɗanta, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Maganar wadda aka tauye wa ciyarwa ce. Mai tambayarmu da bakinta ta ce ba a rage ta da abinci ba. Tsakurar canji kuwa, ban da nauyin da take bari a zuciya, tana lalata lissafin gida: shi yana ganin dubu 85 na abinci ba ta isa, alhali dubu 5 a ciki ta bi wata hanya, sai ya fara zargi, sai a fara ƙirga tumatir. Gara a ware a fili.

Masu aiki ko sana'a a cikinmu, ku ma tambayar ta shafe ku ta wata fuskar. Albashinki naki ne, ba a wajabta miki ciyar da gida ba, in kin taimaka sadaka ce, kuma Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta an ce mata lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Amma ni na ga mata da yawa, har da abokan aikina a makaranta, albashi na shigowa ranar 28, kafin 5 ga wata ya ƙare a kuɗin makarantar yara da gas, ita ko silifas ba ta saya wa kanta ba, sai ta yi ta ƙullatar miji a zuci. Ki yanke abin da za ki sa a gida da yardar ranki, ki faɗa masa adadin, sauran ki riƙe abinki ba tare da jin kunya ba.

Abu ɗaya da ke cinye kuɗin kashewar mata shi ne biki. Anko, gudummawa, ɗinki, kuɗin mota, lalle. Biki ɗaya zai iya lashe na wata uku. Mu abin da muke yi, in bikin dangi ne na jiki, nasa ko nawa, daga kuɗin gida ake fitarwa don hidimar gida ce. In na ƙawa ce ko 'yar unguwa, daga nawa, kuma in bai kai ba ina zuwa da atamfar da nake da ita in yi Allah ya sanya alheri in dawo.

Wanda maigidanta ɗan kasuwa ne ko mai aikin hannu, ba shi da ranar albashi, kada ki ce sai wata. Ku yi na mako, ko na kullum, ko naira 300 ce a ɗora a kan kuɗin cefane a ce wannan taki ce. Mai mata biyu kuma ya daidaita su a wannan, don irin ɗan abin nan ne ke hura wutar kishi fiye da babban.

Ke dai ƙanwata ki fara da takardar nan a ƙarshen watan nan. In ya amince, ki roƙe shi ya riƙa turo miki naki ta waya a asusunki ranar da albashi ya shiga, kafin a taɓa komai, kada ya haɗa shi da na cefane a hannu ɗaya, don in suka haɗu a jaka ɗaya tukunya ce za ta cinye. In kuma ya ce babu hali a wannan watan, ki karɓi ko dubu 3 ce, a fara da ita. Ki biyo ni ta gefe bayan kun zauna in ji yadda kuka yi. Sai da safenku, wassalamu alaikum.