Dalilin da ya sa ba a shuka dawar wani gari a gonar gado

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce ka ga wata dawa mai manyan zangarnu a wajen aikinka can kudancin Kaduna, kana so ka sayo mudu biyu a shuka a gonarmu ta gado a nan ƙasar Katsina, amma mahaifiyarka ta hana, ta ce kakanka bai taɓa yarda a shuka baƙon irin dawa ba sai wanda ya fito daga rumbun gida. Kana tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne, kuma mahaifiyarka tana da gaskiya, ko da ba ta faɗa maka dalilin ba. Na yi aikin malamin gona shekaru da yawa, bari in warware maka yadda na fahimce shi.

Ka tuna shekarar da ruwa ya yi mana gardama bayan shukar farko, rabin gona ya ƙone, aka sake shuka bayan kusan wata guda. Da kaka ta matso, ta farko da ta biyu kusan tare suka yi ciki, tare suka fitar da kai. Bambancinsu a kara ne kawai, ta farko ta yi tsawo ta wuce mutum a kan doki, ta biyu ta tsaya gajeriya. Da a ce dawa kwanakin shukarta take ƙirgawa, da ta biyu ta makara da wata guda cur. Abin da take kula da shi tsawon dare ne.

Kai da kake azumi ka san rana ba tsawonta ɗaya ba duk shekara. A Kano, wajen 21 ga Yuni, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta awa 12 ne da minti kusan 50. Wajen 21 ga Disamba kuwa awa 11 ne da minti kusan 25. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, mu mutane sai a lokacin Asuba da Magariba muke lura da shi. Amma tsohuwar dawarmu, farafara da kaura, tana jin ƙaruwar 'yan mintoci. Daga ƙarshen Yuni dare yana ta ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, idan ya kai gwargwadon da irin yake jira, sai tsiron ya daina fitar da sabon ganye ya fara haɗa zangarniya a ciki, makonni kafin ido ya gan ta. Ganye ne ke jin wannan canji ya aika saƙo zuwa kan tsiro. Ƙaramin tsiro da bai yi ƙwari ba ba ya amsawa, shi ya sa shukar da ta makara ƙwarai ba ta iya kamo 'yan'uwanta gaba ɗaya. Zafi da sanyi ma suna da hannu, sai dai dare ne jagora.

Masu bincike sun gano wannan a Amurka a 1920. Wasu mutum biyu, Garner da Allard, suna fama da wata taba da ke ta tsawo duk lokacin zafi ba ta fure. Da suka riƙa shigar da ita ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, sai ta yi fure. Sun kuma shuka waken soya a ranaku mabambanta suka ga duk ya yi fure kusan lokaci guda, daidai abin da ka gani a gonarmu. A 1938 wasu suka nuna cewa duhun ne ake aunawa, domin idan aka kunna fitila na ɗan lokaci a tsakiyar dare, tsiron da ke jiran dogon dare sai ya fasa fure. To ka kiyaye, in har za a kafa fitilar sola mai kwana a kunne a bakin gona, kada ka yi mamaki in layukan da ke ƙarƙashinta suka yi ta ganye sauran gona tana bununi.

Yanzu ga inda al'adar kakanka ta shigo. Kowace shekara, kafin a ɗaure dami, yakan zaga gona ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya ware su a matsayin iri. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Zangarniyar da ta fi cika ita ce wadda ta yi bununi daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa: akwai sauran laima a ƙasa da za ta cika ƙwaya, kuma ƙwayar za ta bushe a rana ba a cikin ruwa ba. Wadda ta yi gaggawa ruwa ya ɓata ta da fumfuna, tsuntsaye suka taru a kanta tunda ita kaɗai ce ta nuna. Wadda ta makara fari ya kama ta. Da wannan zaɓe na shekara da shekaru, irin gidanmu ya daidaita da ƙarshen daminar garinmu. A 1968 wani mai bincike a Samaru, Curtis, ya wallafa abin da ya gani a kan dawar Najeriya, cewa lokacin da kowane iri ke fitar da kai yana tafiya da lokacin da damina ke ƙarewa a yankin da ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Dawar da ka gani ta saba da inda ruwa ke kaiwa cikin Oktoba. Mu nan yakan ɗauke tun ƙarshen Satumba, wata shekarar ma kafin nan. In ka kawo ta za ta burge kowa a watan Agusta, kore shar, kara kamar rake. Amma za ta tsaya jiran daren da ta sani, kafin ya zo ƙasa ta bushe. Za ka sami karan darni da abincin shanu, rumbu kuwa wayam.

Wannan hali yana da wani amfani da matasa ba sa gani. Farkon damina ba shi da tabbas, wata shekara a yi shuka a Mayu, wata sai Yuli. Ƙarshenta ya fi tsayawa wuri ɗaya. Iri mai bin dare yana ba manomi damar shuka duk ranar da ruwa ya sauka, ya kuma san nunar za ta faɗo a kan kari. Shi ya sa tsofaffi ba sa lissafin noma da watan Musulunci, wanda ke ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Da taurari da iska suke yi, domin su ke tafiya da rana.

Dubi kuma yadda ake haɗa amfanin gona. Gero bai damu da dare sosai ba, kwanakinsa yake cikawa, cikin wata uku ko ƙasa da haka an yanke shi an kashe yunwar tsakiyar damina. 'Yar'uwarsa maiwa kuwa irin halin dawa gare ta, sai can baya. Da an cire gero, dawa ta sami fili da haske. A ƙarƙashi kuma ga kanannado yana ta yaɗo, ba zai yi fure ba sai dare ya yi tsawo, ya ba ka wake ya ba ka harawa. Yakuwa da rama ma haka suke, shi ya sa mai son igiya yake shuka rama da wuri don ta yi tsawo kafin fure ya tsayar da ita. Gona ɗaya, amma kowa da lokacin cin abincinsa.

Ban ce ka guji sabon iri ba. Cibiyar bincike ta Samaru da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, sun fitar da dawa da wake masu saurin nuna waɗanda dare bai dame su sosai ba, akwai waken da ke nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, ga kuma geron SOSAT da mutane suka karɓa. A shekarar da ruwa ya yanke da wuri su ke ceton gida. Sai dai su ranar shuka ce ke yanke musu ranar nuna, in ka shuka da ruwan farko za su iya nuna cikin tsakiyar ruwa su lalace. Ni a ganina kuskure ne mutum ya zubar da tsohon iri gaba ɗaya saboda su, domin in ya ɓace daga gari ba a kasuwa ake samo shi ba.

In zuciyarka ta kafe a kan waccan dawar, sayo rabin mudu, a ba ta layi biyar a gefen fadama inda laima ke daɗewa, ka gani da idonka. Sauran gona a bar ta da irin gida. In kuma sabon iri kake so, ka tambayi mai sayarwa kwana nawa yake yi kuma don wane yanki aka fitar da shi, in ya kasa amsawa ka riƙe kuɗinka. Zangarnun iri na bana suna rataye a ɗakin baffanka, na ce a ware maka naka. Ka gaida iyalinka, Allah ya ba mu damina mai albarka.