Bawul na Ƙarfe ko na Dabba: Wanne Ya Dace da Budurwa Mai Shirin Aure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata shekararta 21, har an sa mata rana. Likitocin zuciya sun ce ciwon maƙogwaron da ta sha fama da shi tana ƙarama ya taɓa zuciyarta, ya lalata bawul, wato murfin da ke hana jini komawa baya, wanda ke bakin awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, kuma sai an sauya shi. Sun ce mu zaɓa tsakanin na ƙarfe da na dabba. Wanne ya fi?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ta lafiya. Bawul na ƙarfe ya fi ƙarko, domin yakan yi shekaru da dama bai lalace ba, amma jini na iya daskarewa a kansa, saboda haka dole ta riƙa shan maganin tsinka jini, wato warfarin, har iyakar rayuwarta, tana kuma yin gwajin INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, a kai a kai. A nan ne maganar aure ta shigo, domin warfarin na iya yi wa ɗan tayi lahani, musamman a watanni ukun farko na ciki, kuma sauya shi da allurar tsinka jini yana buƙatar sa ido sosai daga likitan zuciya da na haihuwa.

Na dabba, wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya ko bawul ɗin alade (kuna iya neman na saniya), yawanci ba ya buƙatar wannan magani na dindindin. Illarsa ita ce yana saurin lalacewa a jikin matasa, wani lokaci kafin shekara goma, don haka tiyata ta biyu kusan tabbas ce.

Akwai kuma aikin da Donald Ross ya fara a Landan a 1967, inda ake ɗauko bawul ɗin jijiyar huhu na majiyyacin a dasa shi a gurbin wanda ya lalace, sai dai ƙwararrunsa ba su da yawa, kuma bai cika dacewa da irin ciwon 'yarki ba.

A ganina, idan tana son haihuwa nan kusa, na dabba ya fi cancanta a tattauna da likitocinta, tare da angon a zaune. Kowanne aka saka mata, kada ta daina allurar penisilin da ake yi duk mako uku ko huɗu don hana ciwon sake taɓa zuciyarta, sai likita ya ce ta daina.