Ƙarar injin Cessna 172 a Microsoft Flight Simulator ba ta da nauyi

Ka ce a wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama na Microsoft Flight Simulator, ƙarar injin ƙaramin jirgi Cessna 172 siririya ce, kuma ko ka ƙara wuta ba ta canzawa sosai. Fara duba abin da kake sauraro da shi. Farfelar Cessna 172 fukafukai biyu gare ta, a juyi 2400 cikin minti kuwa tana bugun iska sau 80 a daƙiƙa, wato 80 Hz. Injinta mai silinda huɗu shi ma a daidai nan yake bugawa. Sifikar laftof ba ta iya sauka can ƙasa, don haka gurnanin ya ɓace tun kafin ya iso kunnenka. Sa hedifon mai rufe kunne. In kana da ikwalaiza, wato abin daidaita kauri da sirantar sauti, ɗaga 80 zuwa 120 Hz da desibel 3 kawai, fiye da haka sauti zai dagule.

Rashin canjin kuma yana iya zama aikin Windows ne. A saitin sauti na Windows, kashe Loudness Equalization, domin tana matse sauti, inji a ƙaramar wuta da inji a cikakkiyar wuta su zo kusan ɗaya. A shafin Communications zaɓi Do nothing, in ba haka ba da zarar an fara kiran murya sai ta rage sauran sauti da kashi 80.

A saitin sautin wasan, bar ƙarar injin a 100, sauke muryoyi da muhalli zuwa wajen 60. Headphone Simulation tana kwaikwayon hedifon matuƙi ne, da gangan take danne gurnani, kashe ta in ɗanyen sauti kake so. Amma kada ka kai ƙarar matakin jirgin gaske, awanni a sama da desibel 85 na lalata ji.