Mashingar jirgin saman Japan: 89 daban, 97 daban

Ka ce mashinga samfurin 89 da samfurin 97 ai abu ɗaya ne, tunda duk bakinsu milimita 7.7 ne. Kai yaro, ka fama min tsohon gyambo.

A yaƙin duniya na biyu, sojan ƙasa da sojan ruwan Japan kamar kishiyoyi suke, kowa da tukunyarsa. Ta 89 ta sojan ƙasa ce, ta 97 ta sojan ruwa. Duk daga mashingar Vickers ta Ingila aka samo su, amma harsashin wannan ba ya shiga waccan. Lambar ma shekara ce a lissafinsu na sarauta: 2589 ita ce 1929, 2597 kuma 1937.

Shekarun baya wani dillalin kayan tarihi ya zo in ƙera masa kwaikwayon hancin Zero, jirgin saman yaƙin Japan, na ajiye wa kallo, da bindigogi biyun da ke saman injin. Shi da hannunsa ya miƙo min hoto, ya ce wannan zan bi. Mako bakwai ina kai, ga kuɗin ƙarfe da gawayi duk daga aljihuna, na kori ayyuka uku saboda shi. Ranar karɓa sai ya zo da wani mai tabarau, suka zagaya aikin, mai tabarau ya ce wannan 89 ce, Zero kuwa jirgin sojan ruwa ne, 97 yake ɗauka. Gaskiya ya faɗa. To amma wa ya kawo hoton? Dillalin ya rantse da Allah bai taɓa ganinsa ba. Ya ajiye rabin kuɗi, ya ce taimakona ma ya yi, ya loda kayana a mota. Bayan wata biyu na ga aikin nan nawa a shagonsa, an liƙa masa takarda an rubuta 97. Har gobe in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Batun awo da goge ƙarfe kada ka ɓata min lokaci, wanda bai iya wannan ba me ya kawo shi maƙera? Ku yaran yanzu hoto ɗaya za ku gani a waya ku ce kun gama sani. Kafin ka ɗauki guduma, tambayi jirgin na wace runduna ne. In jirgin saman Hayabusa ne, na sojan ƙasa ne: 89, daga baya Ho-103 mai milimita 12.7, wadda aka kwaikwayo daga mashingar Browning ta Amurka. Hoton da mai aiki ya kawo kuma, sa shi ya sa hannu a bayansa, ka kulle a akwati.